Ƙari a hanta, homon da birus: amsoshin tambayoyin da kuka fi yi

Jama'a assalamu alaikum. Tambayoyin nan su ne ke ta maimaituwa tun da aka fara maganar hanta, wasu daga Garwa, wasu Marwa da Kuseri, wasu daga ƙetaren kogi can Injamena, to na ga gara in tattara su wuri ɗaya kowa ya karanta. Amma fa wannan ba ordonans ba ne, wanda ke da takardar gwaji a hannu ya kai wa likitansa.

An yi min ekografi, wato hoton ciki, an ce akwai ƙari a hantata. Shikenan kansa ce?

A'a Hajiya, kwantar da hankalinki tukuna. Ƙarin da aka fi gani a hanta wanda ba kansa ba shi ne hemanjiyom, ɗan dunƙulen jijiyoyin jini ne, mata suka fi samunsa, kuma yawanci wajen neman wani abu daban ake cin karo da shi, misali an je duba koda ko mafitsara. Sai mai bi masa wanda suke rubutawa HNF a takarda, shi ma ba ya rikiɗewa ya zama kansa, yawanci ba a ma taɓa shi. Na ukun shi ne adenom, wannan kam ba kasafai ba ne amma shi ke da alaƙa da homon, wato sinadaran da jiki ke saki cikin jini suna ba sassansa umarni, kuma shi ake sa wa ido.

Sannan a yankinmu akwai abubuwan da ke fitowa a ekografi kamar ƙari alhali ba ƙari ba ne sam. Ƙurjin amiba mai tara mugunya, wanda ke zuwa da zazzaɓi da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Jakar ruwa ta tsutsar da ake ɗauka daga kashin kare, makiyaya suka fi haɗuwa da ita. Ga kuma tabon tsargiya ta hanji ga masu shiga ruwa, masunta da manoman shinkafa a wuraren su Lagdo da Maga da bakin Logon. Inda magana ke canzawa shi ne in mutum yana da hepatit B ko C, wato ciwon hanta da ƙwayar cutar birus ke kawowa, ko hantarsa ta riga ta yi siroz, wato ta taurare da tabo. To shi duk dunƙulen da aka gani ba a cewa bari mu gani, a ranar ake fara bincike.

Me ya haɗa homon da hanta? Ni na ɗauka homon harkar haihuwa ce kawai.

Ai hanta ita ce gadar Ngeli ta jiki, gadar kan iyakar nan tsakanin Kuseri da Injamena, duk abin da ka haɗiye sai ya tsaya a wajenta an duba kafin ya wuce cikin gari. Jinin da ke tasowa daga hanji kai tsaye hanta yake fara shiga, shi ya sa ƙwayar homon da aka sha ta baki hanta ce ke fara karɓar ƙarfinta gaba ɗaya. Kuma ita ce ke narkar da estrojen na mata da testosteron na maza bayan sun gama aiki, sannan ƙwayoyin halittarta suna da wuraren da homon ɗin ke kamawa ya ba su umarni, ciki har da umarnin su hayayyafa. Shi ya sa za ka ga namijin da hantarsa ta lalace nono ya fito masa, tafin hannu ya yi ja, sha'awa ta tafi. Ba sammu ba ne, hanta ce ta kasa daidaita homon.

Maƙwabciyata ta ce ƙwayar tazarar haihuwa tana kawo kansar hanta, in daina sha?

Wannan tambayar ita ta fi kowacce yawa, kuma gaskiya tana ɗan ɓata min rai saboda yadda ake ƙara mata gishiri. Ga asalin zancen. A 1973 likitoci a Amurka suka fara ba da rahoton adenom a hantar matan da ke shan ƙwayar. Gaskiya ne ba ƙarya ba. Amma ƙwayoyin farko na shekarun 1960 akwai masu estrojen har maikrogiram 100 zuwa 150, na yanzu kuwa yawanci 20 zuwa 35 ne. Ko a lissafin wancan zamanin, cikin mata 100,000 da suka daɗe suna sha, kamar 3 ko 4 ne ke samun adenom a shekara. Kuma adenom ba kansa ba ne, kaɗan ne daga ciki ke juyewa.

To ki auna da kanki. Mace ta haihu bana ta haihu baɗi, jini bai dawo ba, ga nisan asibiti, ga haɗarin zubar jini wajen haihuwa da muke gani kullum a ƙauyukanmu, wannan haɗarin ya fi na adenom nesa ba kusa ba. Macen da hantarta lafiya lau ba ta da dalilin jefar da ƙwayarta saboda zancen bakin rijiya. Ko mai ɗauke da hepatit B wanda ke kwance, hanta na aiki daidai, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta hana ta ba. Waɗanda aka hana su ne mai adenom, mai kansar hanta, mai siroz da ta yi tsanani, da wadda shawara ta taso mata yanzu-yanzu, ita sai ta warware. Su ma ba a bar su haka ba, akwai zoben mahaifa na jan ƙarfe wanda babu homon ko ɗigo a cikinsa. Allurar wata uku da ashanar hannu babu estrojen a cikinsu, amma mai adenom ba za ta yanke wa kanta ba, sai likita ya duba.

An tabbatar adenom ne. Yanzu me za a yi?

Girmansa ake kallo, da kuma mace ce ko namiji. Ga mace, a dakatar da duk wani homon, in akwai ƙiba a rage, don ƙiba da kitse a hanta su ma suna ciyar da shi, sai a sake hoto bayan wata 6. Da yawa suna motsewa da kansu. In ya kai santimita 5 ko ya wuce bai ragu ba, ko yana ƙara girma, to ana ba da shawarar tiyata, domin babba shi ke fashewa ya zubar da jini a cikin ciki. Ciwo mai tsanani farat ɗaya a gefen dama, da jiri, da zufa mai sanyi, wannan ba na jiƙo ba ne kuma ba na jiran gari ya waye ba, a ɗauki mutum a tafi.

Ga namiji kuwa ko ƙarami ne cirewa ake, saboda na maza ya fi saurin komawa kansa.

Maganar ciki, da can hana mace ake yi kwata-kwata. Yanzu in bai kai santimita 5 ba ana barinta ta ɗauka amma ana bin ta da ekografi har ta haihu, don homon ɗin ciki na iya sa shi ya kumbura.

Ƙanena yana zuwa wajen ɗaga ƙarfe, na ga yana allura da shan wasu ƙwayoyi na gina jiki. Akwai matsala?

Akwai, kuma ka zaunar da shi yau. Waɗannan homon ɗin maza ne na haɗi, kuma a wajena sun fi ƙwayar mata abin tsoro sau nawa, don ita ta mata an auna ta, su kuwa yara sha suke yi ninki-ninki ba wanda ya rubuta musu. An san suna kawo adenom, wani lokaci da yawa a hanta ɗaya, suna kawo kansar hanta, suna sa hanta ta yi ramuka cike da jini, ga shawara mai ƙaiƙayi da ke ɗaukar watanni. Ba ma 'yan ƙarfe kaɗai ba, marasa lafiyar da likita ya ɗora kan irin wannan homon shekara da shekaru saboda ciwon ɓargo su ma ana duba hantarsu akai-akai. Ƙari a kan haka in suna karɓa-karɓa da sirinji ɗaya, ga B ga C ga SIDA, wato ƙanjamau, duk a layi. Haka maganin ƙarfin maza na leda da na kwalba marar suna da ake tallarsa a tasha, ba ka san abin da aka zuba ciki ba, in za ka ga likita ka tafi da kwalbar.

Maganin ƙiba da 'yan mata ke sha fa, da man bilicin?

Yawancin abin da ake sayarwa da sunan maganin ƙiba akwai deksametazon a ciki, shi ma homon ne, dangin kotizon. Ba shi ke haifar da ƙari kai tsaye ba, aikinsa daban ne kuma ya fi muni ga mai hepatit B. Yana danne garkuwar jiki, birus ɗin da ke kwance shekaru sai ya farka ya yi ta hayayyafa, ranar da aka daina sha garkuwa ta dawo ta far wa hanta da yaƙi, mutum ya wayi gari ido rawaya, wani har hanta ta tsaya. Amarya ta sha don ta cika kafin biki, ba ta taɓa gwajin B ba, kun ga inda matsalar take. Man bilicin da yawa shi ma akwai kotizon mai ƙarfi a ciki kuma in an daɗe ana shafe jiki duka yana shiga jini. Wannan dalilin ne ma ya sa likita mai lura yake gwada B kafin ya ɗora mutum kan kotizon na dogon lokaci ko maganin kansa.

To birus ɗin, wanne ne ke kawo kansar hanta?

Nan ne fa asalin ciwonmu. Duk waɗancan ƙararrakin na sama in ka haɗa su ba su kai ko kusa da abin da hepatit B ke yi mana ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da B a duniya, miliyan 50 kuma C, kuma ƙasashenmu na cikin inda B ya fi yawa, a Kamaru ma nan arewa ya fi kudu.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne lokacin da aka kamu. Babba in ya kamu, fiye da 9 cikin 10 jikinsu na kore shi. Jariri kuwa akasin haka ne, kusan 9 cikin 10 yana zama musu har abada. Mu kuma yawanci a yarinta muke ɗauka, daga uwa wajen haihuwa, ko tsakanin yara, ko askar wanzami ɗaya da ta yi wa yaro goma kaciya, ta yi tsaga, ta cire beli. Shi ya sa za ka ga magidanci ɗan shekara 35 ko 40, ba ya shan giya, ba bilbil ba arge, ciki ya kumbura cikin wata biyu ya tafi, alhali a Turai ciwon na tsofaffi ne. Birus ɗin ya yi shekara talatin yana aiki shiru. B kuma yana cusa nasa ƙwayar gadon cikin ta hanta, don haka yana iya kawo kansa ko siroz bai samu ba. C shi sai ya bi ta siroz tukuna yawanci. Akwai kuma D, wanda ba ya rayuwa sai a jikin mai B, in sun haɗu lalacewar ta fi sauri.

Sai gyaɗa da masara. Wadda aka adana da danshi ta yi fumfuna tana fitar da dafin aflatoksin, kuma shi da B in sun haɗu ninka juna suke yi. Gyaɗar da ta yi ɗaci ko ta canza launi a zubar, kar a ce a yi ƙuli da ita don kar a yi asara.

Labari mai daɗi shi ne C ana warkewa, ƙwayoyi irin su sofosbubir na wata 3 suna warkar da fiye da 95 cikin 100. B ba ya fita amma tenofobir yana danne shi kuma yana rage haɗarin kansa sosai. Rigakafi kuma ya nuna aikinsa, Taiwan ta fara yi wa jarirai a 1984 kuma kansar hanta a yaransu ta ragu a fili. Kamaru ta sa shi cikin rigakafin yara a 2005, Cadi a 2008, wato duk wanda aka haifa kafin nan kar ya ɗauka an yi masa.

Me ya sa maza suka fi mutuwa da ita? A danginmu maza uku, mace ko ɗaya.

Allah ya jiƙansu Malam. Ba a danginku kaɗai ba, duniya duka maza sun ninka mata sau 2 zuwa 3. Wani ɓangare giya ce da taba, amma ko an cire su bambancin na nan, kuma a nan ne homon da birus ke haɗa hannu. Testosteron yana ƙara wa birus ɗin B kuzarin hayayyafa a cikin hanta, estrojen kuwa yana rage kumburin da ke kai ga kansa, shi ya sa mata ke ɗan samun kariya har sai al'ada ta ɗauke, daga nan haɗarinsu ya fara hawa. Ka ga abin mamaki, estrojen ɗin da ke ciyar da adenom shi ne kuma ke tare wa mace babbar kansar. Likitoci sun ga haka suka gwada tamoksifen, maganin homon da ake ba masu kansar nono, a kan masu kansar hanta, bai ƙara musu kwana ba, an bar shi. Don haka kar wani ya sayar maka da maganin homon wai na hanta ne.

Maza uku a gida ɗaya kuma, ni abin da nake ji shi ne uwa ɗaya ko kaka ɗaya mai B. Duk 'yan ɗakin ku je gwaji, mata da maza.

Yarinya 'yar shekara 19, babu B babu C, amma an ce kansar hanta. Ta yaya?

Akwai wata iri da ake kira fibrolamela, kamar 1 ce cikin 100 na kansar hanta. Matasa take kamawa, daga 'yan shekara goma sha zuwa talatin da wani abu, mace da namiji kusan daidai, hanta lafiyayya babu siroz babu birus. Gwajin jini na AFP da ke hawa a kansar da aka saba, a wannan yawanci daidai yake fitowa, shi ke sa a yi ta ba mutum maganin olsa da taifod ana ɓata lokaci. A 2014 aka gano cewa wasu ƙwayoyin gado biyu ne ke mannewa da juna a cikin ƙarin, ba gado ake yi daga iyaye ba, ba kuma abin da ta ci ko ta sha ba ne, iyaye su daina zargin kansu. Wani lokaci ƙarin yana juya homon ɗin maza ya koma na mata, saurayi ya ga nono na fito masa. Babban maganinta tiyata ce in an same ta da wuri.

A ƙananan yara kuma, yawanci 'yan ƙasa da shekara 3, akwai hepatoblastom. Uwa ce kan fara jin tauri a cikin yaro wajen wanka. Shi AFP na hawa sosai, kuma jefi-jefi yana fitar da homon irin na mai ciki har ɗan yaro namiji ya fara nuna alamun balaga. Yana jin magani in an haɗa kimiyo, wato maganin kansa na asibiti, da tiyata, kar a tsaya yi wa yaro tsagar wanzami a ciki.

Na ji ana cewa EBV. Shi kuma fa?

Wani birus ne daban, ta yawu ake ɗauka, kusan dukkanmu mun ɗauka tun muna yara kuma ba ya yi wa yawancin mutane komai. An gano shi a 1964 a cikin kansar muƙamuƙin yara da likita Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958. A hanta yana da hannu a wasu ƙararraki da ba safai ba, mafi yawa ga wanda garkuwarsa ta faɗi, mai SIDA da ba ya shan magani ko wanda aka yi wa dashen koda. Haka kansar Kaposi da birus ɗin HHV-8 ke kawowa, wadda ke fitowa da tabo masu duhu a ƙafa da baki, tana iya sauka hanta. Gwajin EBV a jini ba zai gaya maka komai ba tunda kowa na da shi, kar ka kashe sefarka. Mai SIDA dai ya riƙe maganinsa, kuma a gwada shi B, don tenofobir na cikin maganin, in ya daina sha B ɗin na iya tashi da ƙarfi.

Babanmu yana da kansar hanta, sukarinsa na ta faɗuwa kuma ba shi da ciwon suga.

Yana faruwa. Babban ƙari yana cinye suga, hantar da ta rage ba ta iya ajiya, wani ƙarin ma yana fitar da abu mai aiki kamar insulin. A riƙa ba shi abinci kaɗan-kaɗan har da dare, kunu ko shayi mai suga a kusa, kuma Baba ya haƙura da azumi, a tambayi malamai hukuncin ciyarwa.

Wane gwaji zan fara, kuma a ina?

AgHBs, wato gwajin hepatit B, da na hepatit C. Ɗigon jini ne a yatsa, asibitocin gunduma da yawa suna yi, kuma wajen 28 ga Yuli, ranar hepatit ta duniya, akan yi gangamin gwaji. In B ya fito, mataki na gaba gwajin aikin hanta da na yawan birus a jini, a Garwa akwai reshen Centre Pasteur, a Injamena manyan asibitoci. Ba kowane mai B ke buƙatar magani nan take ba, amma kowa na buƙatar bibiya, kuma ɗan Afirka mai B da ya girma ana so ya yi ekografi da AFP duk wata 6 ko yana jin garau, domin ranar da ciwo ya fara yawanci an makara. Bambance adenom da HNF da kansa kuwa ekografi kaɗai ba ya iyawa, sai hoton manyan na'urori, sikana ko IRM, da ruwan allura, wani lokaci sai an ɗebo tsoka an duba, wanda kan sa a tura mutum Yawunde ko Duwala.

Kuma don Allah in likita ya tambaya me kike sha, ki faɗi duka. Ƙwayar da mai gida bai sani ba, kayan mata, maganin ƙiba, jiƙon shawara. Shi ba alƙali ba ne, kuma amsar kan canza abin da zai karanta a hoton.

Matata tana da B kuma tana da ciki wata biyar. Yaron zai ɗauka?

Ana iya tarewa. Ta yi gwajin yawan birus yanzu, in ya yi sama za a ɗora ta kan tenofobir har ta haihu, ba ya cutar da ciki. Abu mafi muhimmanci allurar B ga jariri cikin awa 24 da haihuwa, ba jiran penta, allurar rigakafin yara ta sati 6, ba kuma ba bayan suna ba, sannan ya cika sauran alluransa. Ku yi magana da ungozoma tun a awon ciki ku ji ko allurar na nan, in babu ku san inda za a samo ta kafin naƙuda, kuma ta haihu a asibiti. Nono ta ba shi, ba a hanawa. Kai ma ka yi gwaji, in ba ka da shi ka karɓi rigakafi allura 3, haka abokiyar zamanta in akwai da sauran yaran gidan. Ranar aski kuma ka saya wa wanzami sabuwar reza.